Ruwan da Na Hana a Zuba wa Dutse

Villeurbanne, kusa da Lyon,
19 ga watan Mayu, 2014.

Zuwa ga Yayana Moutari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rufin asiri, kai da iyali da duk wanda ke cin tuwo a gidanmu. Yaya jikin Inna, yaya gwiwar nan tata da ke hana ta zaman tahiya? Yaya kuke fama da zafi? Na ji an ce bazarar bana ta matsa, rijiyar bakin kasuwa ta ja baya har sai da aka ƙara igiya. Allah ya saukar da damina mai albarka, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Baba da duk magabatanmu. Mu nan lafiya lau muke. Matata Shamsiya ta samu aiki a wani kantin magani da ke Vénissieux, kullum da safe tana bin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tana dawowa da labarin tsofaffin Larabawan unguwar da ke kiran ta ɗiyarsu. Ɗiyarmu Muhsina ta fara tafiya tana dafa bango, haƙoranta huɗu, kuma abin da duk ta kama sai ta gwada su a kansa. Goshinka ta ɗauko sak, ban san laifin da ta yi ba.

Takardar nan Alhaji Kamal zai kawo ta, ɗan kasuwar nan na Maraɗi mai shago wajen Porte de la Chapelle a Paris, wanda ya sauke ni lokacin da na fara zuwa ƙasar nan. Ranar Alhamis zai tashi zuwa Yamai, ya kuma yi mini alkawarin sa ta a motar Damagaram tare da wani ɗan kwali. Ka san tun da salula ta shigo ban ƙara rubuta wa kowa wasiƙa ba. Sau uku cikin mako biyun nan ina kiran ka da niyyar faɗa maka wata magana, sau uku muna ƙarewa a gaisuwa da dariya, ka miƙa wa Inna waya, ni kuma in ji daɗin an cece ni. Don haka na koma ga alƙalami, shi ba ya jin kunya. Ina roƙon ka samu wuri ka zauna, ka karanta a hankali har ƙarshe, ba a tsaye ba kana sauri.

Zan faro daga nesa, domin aikin nan da na sa ka ban taɓa ba ka labarinsa daga tushe ba, guntu-guntu kawai kake ji. A shekarar 2007, ina da kwana huɗu a Paris, Alhaji ya ɗauke ni a motarsa ta kaya muka fita rabon atamfa. Cunkoso ya tsayar da mu a wani makeken fili da suke kira Concorde, sai na ga wani dogon dutse a tsaye tsakiyar filin, siriri, mai tsini a sama. Na tambayi Alhaji, ya ce dutsen Fir'auna ne da Masar ta ba Faransa, ya ci gaba da zagin mai motar gabansa. Ni kuwa na roƙe shi na sauka. Yaya, dutse ɗaya ne tal, babu haɗi ko ɗaya, tsawonsa mita ashirin da uku, nauyinsa ya haura tan ɗari biyu. Jan dutse ne mai tsaba-tsaba, ɗan'uwan wanda ke bayan garinmu. An sassaƙa masa tsuntsaye da idanu da ƙwari tun daga ƙasa har sama, bakin zanen da kaifinsa, alhali ya fi shekara dubu uku. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto suna wucewa, ni ɗan mai sassaƙar dutsen niƙa na tsaya baki buɗe, don na san kwana nawa Baba yake yi a kan dutse ɗaya da jaki zai ɗauka. Kuma aka ce mini mutanen da suka yi shi ba su da gudumar ƙarfe irin taka. Ranar nan ban ci abincin kirki ba, kaina ya ɗaure.

Wannan tambayar ce ta biyo ni Lyon, ta zauna da ni duk shekarun da na yi ina karatun injiniya. A ƙarshen 2010 malamarmu, farfesar da ke duba aikina, ta kai mu Aswan a kudancin Masar, inda aka haƙo irin waɗannan duwatsu. Akwai wani can a kwance har yau, ya kusa ninka na Paris tsawo, sun sassaƙe gefensa sai ya tsage, suka bar shi suka tafi. Kewaye da shi akwai rami mai zurfi, faɗinsa kaɗan ya fi kafaɗar mutum, a nan ma'aikata suke jeruwa a tsugunne. Jikin ramin duk lotsa-lotsa ne, kamar an bi tuwo da mara an kwashe. A ƙasa kuma ga baƙaƙen duwatsu mulmulallu a zube, da su suke dakan jan dutsen har ya zama gari, su share, su sake daka, wata da watanni, sai sun yanke shi daga jikin uwarsa. Daga nan su ja shi zuwa bakin kogin Nilu, su ɗora a jirgin ruwa, su kai shi ɗaruruwan kilomita, su tayar da shi tsaye ba tare da ya karye ba. Da na ɗauki baƙin dutse ɗaya sai na gane shi, domin irin wanda Baba yake gyara fuskar dutsen niƙa da shi ne, har nauyin. Malama ta yi rabin awa tana bayanin yadda ake zaton suna riƙe shi. Da aka ba mu wurin gwaji, na tsuguna na yi yadda Baba ya koya mana, ba da ƙarfi ba, ka sake shi ya faɗi da nauyinsa, ka cafe shi in ya yi tsalle. Ta tsaya tana kallona, ta tambaye ni inda na koya. Ranar ce ta farko da na faɗi sana'ar gidanmu a gaban Turawa da alfahari.

Daga nan aka haifi littafin binciken da nake rubutawa don digirin dokta, wanda nan suke kira tez. Tambayar ita ce mutum nawa, kuma wata nawa, ake bukata a yanke irin wannan dutse. Waɗanda suka gwada a baya yawancinsu malaman jami'a ne masu laushin hannu, su daka na ɗan lokaci su gaji su rubuta. Ni na ce sai an auna hannun wanda aka haifa cikin aikin. Muna shirin komawa Aswan sai Masar ta rikice, jami'a ta hana tafiya, shekara ta wuce, wata ta kama. Sai na tuna ina da Aswan ɗina a bayan gida, ina kuma da wa wanda bai taɓa ce mini a'a ba. Kai da ka bar lakwal a aji shida ka hau dutse lokacin da ƙarfin Baba ya ragu, don ni in ci gaba, kai na sake zuwa na ɗora wa kaya.

Ka tuna zuwana gida bayan kakar 2012. Na auna maka rami a jikin dutsen bayan gari daidai faɗin na Aswan, na ba ka agogo da ma'auni da littafi, na ce ka shiga ka daka da baƙin dutse, duk awa ɗaya ka share garin ka auna ka rubuta. Safiyar farko ka hau da tulu a kafaɗa da guntuwar tsintsiya, ka yi bisimilla, ka tsoma ka fara yayyafa wa wurin, kamar yadda Baba yake yi kafin ya fara da kuma duk sa'ad da dutse ya bushe. Shayar da dutse, in ji shi, don masu wurin ba sa son a doki dutsensu da ƙishirwa. Na riƙe hannunka na ce a'a, jiƙaƙƙen gari ya fi nauyi, zai ɓata mini awo. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma ka san bakina in ya samu masu saurare. Abdou da Mounkaila, abokan aikinka, suna wurin da gudumominsu, sai na buɗe musu lacca. Na ce dutse ba shi da maƙogwaro, na ce camfi ne, na ce Musulmi ba ya ba aljani ruwa. Mounkaila ya kawo zancen Baba Saley, ƙanen Baba, wanda gaggawa ta sa bai taɓa shayar da dutse ba, ya mutu yana tari bai kai hamsin ba, mutane suka ce masu wurin ne suka kama masa ƙirji. Na yi dariya har da tafa hannu. Kai dai cewa ka yi Baba bai taɓa barin salla ba, bai kuma taɓa dukan busasshen dutse ba. Na ce Allah ya jiƙan Baba, amma bai yi lakwal ba. Na ga yadda ka dube ni. Sannan ka ajiye tulun a gefe ka shiga ramin.

Rani biyu ke nan kana cikinsa. Kana ɗaukar hoton shafin littafin kana turo mini, lambobi a jere tsaf da rubutunka mai kwanciya, ba ka taɓa tsallake rana ba sai Juma'a. Ka gaya mini da murna cewa busasshen dutse ya fi saurin ci, don jiƙaƙƙen gari yana kwantawa ya tare bugu, har ka daina kai ruwa ko a aikinka na kullum. Abdou ya bi ka, Mounkaila ya bi, sauran suka bi. Wa zai ƙi? Ruwa a ƙasarmu ba abin wasa ba ne, a ɗebo shi daga rijiya a hau da shi tudu, mata da jakuna sun huta. Ka ce har Liman ya sa baki ya ce yaron ya faɗi gaskiya. Da na ji haka kaina ya ƙara kumbura, na ce wa Shamsiya daga Faransa na kashe wani camfi a garinmu. A watan Nuwamban bara aka yi taron masana a Paris, na nuna musu hoton bidiyonka. Kana tsugunne, dutse yana tashi yana sauka a hannunka kamar kana wasa, farar ƙura ta lulluɓe ka har gashin ido, rana ta ratsa ta. Zauren ya ɗauki tafi. Wani dattijo mai farin gemu da ya yi shekara talatin yana aiki a Masar ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa ganin bugu irin wannan ba. Da na kira na gaya maka, tambayarka ita ce ko sun ga yagewar rigarka. Ni a ranar kyan ƙurar nan kawai na gani.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Mako uku da suka wuce aka kawo mana guntun jan dutse a ɗakin gwajinmu, don in yi bugun awa biyu a gwada da naka. Dokarsu ita ce kafin ma'aikaci ya taɓa irin wannan aiki sai likitar ma'aikata ta gan shi. Na je ina gunaguni, ina ganin ɓata lokaci ne irin na mutanen nan da takardunsu. Wata dattijuwa ce mai gilashi. Ta ce sai na sa takunkumi na musamman, sai an kunna injin zuƙe iska, kuma sai ruwa yana zuba a kan dutsen duk tsawon aikin. Na ce ruwa zai ɓata awo. Don in nuna mata na san abin da nake yi, na ciro salula na nuna mata bidiyonka, na ce ga yayana nan rani biyu yana yi a bushe, a cikin rami, lafiyarsa lau. Yaya, matar nan ta kalla har ƙarshe, ta cire gilashinta ta ajiye. Sannan ta tashi ta rufe ƙofa.

Abin da ta gaya mini zan faɗa maka yadda yake, ban rage ba. Ta ce a cikin ƙurar jan dutse akwai wadda ido ke gani, wannan hanci yana tare yawancinta. Akwai kuma wadda ta fi ta laushi nesa, ido ba ya ganin ta, ita ce ke wucewa can ƙasan huhu ta zauna. Jiki ba ya iya narkar da ita, sai ya yi ta yi mata tabo, tabo a kan tabo, har huhu ya ƙage ya kasa buɗewa. Suna kiran ciwon silikoz. Ta nuna mini hoton ƙirjin wani mai aikin dutse, fari-fari ko'ina. Ta ce abin da ya shiga ba ya fita, babu maganin da ke wanke shi, abin da ake iyawa shi ne a hana ƙari, a kuma kula da mutum, domin ciwon yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Na tambaye ta zancen nonon da kuke sha bayan aiki don ya wanke ƙura, ta ce nono ciki yake tafiya, ƙura kuwa huhu. Na tambaye ta mene ne babban kariya ga wanda ba shi da inji. Ta ce ruwa. A jiƙa dutse kafin a fara, a yi ta jiƙa shi, ƙurar sai ta kwanta ta zama laka maimakon ta tashi. Ta ce ba za ta yanke hukunci a kan mutumin da ba ta gani ba, kuma shekara ashirin da biyar ɗin da ka yi a sana'ar su ma suna da nasu rabo. Amma busasshen bugu a cikin matsattsen rami, inda iska ba ta ratsawa, fuska a kan aikin, ta ce ba ta san abin da ya fi shi muni ba. Daga ƙarshe ta tambaye ni ko kana tari.

Na ce mata a'a. Ƙarya na yi, bakina ne ya riga ni. Tun sanyin da ya wuce nake jin tarin nan a waya, busasshe, yana katse maka magana, kai kana cewa mura ce, ni ina cewa Allah ya sawwaƙe, mu koma kan lambobi. Da na fito daga wurinta na zauna a bencin tashar tiram, jirgin cikin gari, uku suka zo suka wuce ban shiga ba. Daga nan na kira Rakiya. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata, kuma matarka ce, tsoro take ji. Ta ce yanzu sai ka huta sau biyu kafin ka kai kan tudun da da kake hawa da dutse a ka. Ta ce wandunanka sun yi maka yawa. Ta ce Abdou ma ya fara.

A saman teburina akwai wani hoto da na manna tun shekarar farko, zanen da aka samu a kabarin wani hakimin Masar. Mutane fiye da ɗari suna jan ƙaton mutum-mutumi a kan katako, ga wani mutum a tsaye a gaban katakon yana tsiyaya ruwa daga tulu a ƙasa. Akwai masanan da suka daɗe suna cewa wannan ruwan na tsafi ne kawai. Ni kuwa shekara da shekaru ina musu da abokaina a kan haka, ina cewa mutanen da suka tayar da dutsen Concorde ba wawaye ba ne, ba za su ɗauko ruwa cikin hamada su zubar a banza ba, ruwan nan yana da aiki. A watan jiya wasu masu bincike a Holan suka fitar da sakamakon gwaji, suka nuna rairayi in an jiƙa shi daidai yana tauri, jan kaya a kansa ya ragu da kusan rabi. Na yi ta yawo da takardar ofis-ofis ina cewa ai na faɗa. Ranar da na dawo daga wurin likita na zauna na dubi hoton nan, kunya ta rufe ni. Mutumin da ya mutu kusan shekara dubu huɗu da suka wuce, wanda ban san sunansa ba, na tsaya masa na ce tulunsa yana da dalili. Ubana da ya haife ni, wanda ya yi shekara hamsin a kan dutse ya rasu yana da shekara saba'in da bakwai numfashinsa lafiya, na ce bai yi lakwal ba. Ban san ko Baba ya yarda da zancen masu wurin a zuciyarsa ba, ko kuwa haka ya ji daga kakanmu, ya ga wanda ya bi ya tsufa, wanda ya ƙi ya tafi da wuri. Ban taɓa zama na tambaye shi ba, yanzu kuma babu hali.

Ranar Asabar na je Paris wurin Alhaji don mu shirya zancen saƙon nan. Da na fito daga shagonsa ban nufi tashar jirgin ƙasa ba, ƙafata ta kai ni Concorde. Dutsen yana nan yadda na bar shi, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, har yanzu yana ba ni mamaki, har yanzu ina ganin hikimar mutanen nan ta wuce misali. Amma sunan sarki ne a jikinsa ta kowace fuska. Shekara uku ina lissafin mutum nawa suka tsuguna a ramin Aswan, wata nawa suka yi, ban taɓa tambayar kaina nawa ne suka koma gida da ƙirjinsu ba. Ban sani ba ko su suna shayar da nasu dutsen. Ina fatan suna yi.

Ka tuna a watan Afrilu na roƙe ka ƙarin kwana goma a ramin, don in cike babin ƙarshe. Da na kira makon jiya na ce ka bari, dariya ka yi, ka ɗauka tausayin zafin rana nake ji. Ka ce ka riga ka yi huɗu, kai ba ka barin aiki a rabi, kuma kana shan ƙura tun ban bar nono ba. Ni kuma na kasa ƙarasa maganar. To ga ta yanzu a rubuce. Don Allah, don darajar Inna, kada ka sake sa ƙafa a ramin nan. Ba na son kwana shidan, ko ka turo ba zan buɗe ba. Na gaya wa malamata komai, ta ce laifin har da nata, tun da ta ga bidiyon ba sau ɗaya ba. Ta ce abin da muke da shi ya isa. Ko da bai isa ba, digirin ya tafi inda za shi. A tara tsakuwa a cike ramin, kada wani ya gan shi a buɗe ya shiga.

Ranar da takardar nan ta iso, washegari ka shiga mota zuwa babban asibitin Damagaram, kai da Abdou, a ɗauki hoton ƙirjinku, a kuma duba majina saboda tarin fuka. A cikin kwalin akwai takarda da Faransanci da likitar nan ta rubuta, ka miƙa wa wanda zai duba ka, ta bayyana irin aikin da ka yi. Balkisa 'yar'uwarmu tana can tana jiran ku, na yi magana da ita da mijinta, a gidansu za ku sauka, ita za ta shiga da ku. In hoton ya fito ta turo mini, likitar ta yarda za ta nuna wa wani masanin huhu a nan Lyon. Sauran kayan kwalin takunkumi ne irin na masu aikin dutse, ka raba wa mutane. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare wannan ƙurar, kada kowa ya ruɗi kansa. Takunkumin ma zai ƙare, ruwa shi ne na dindindin.

Abu mafi nauyi shi ne wannan. A gaban mutane na yi ɓarnar, don haka gyaran ma a gabansu ya kamata. Na san yanzu in ka hau da tulu za a ce Moutari ya koma camfi, kuma a tsakiyar bazara ba wanda ke son ƙarin ɗiban ruwa. Ka tara su Mounkaila da duk mai hawa dutsen nan, ka roƙi Liman ya zo, a karanta musu takardar nan, har da wurin da na faɗi abin da na faɗa a kan Baba. Ka ce musu Ilya ɗan boko, mai karatu a Faransa, ya ce shi ne jahilin. Ba don aljani za a zuba ruwan ba, don huhun ɗan Adam ne, a yi bisimilla a zuba kamar yadda Baba yake yi. Ranar da babu ruwan shayar da dutse, a bar dutsen ya kwana. Na yanki tikiti, in Allah ya yarda farkon azumi ina gida, zan hau tudun in maimaita da bakina, wanda zai zage ni ya zage ni. Amma kada a jira zuwana, kwana arba'in na ƙura ba kaɗan ba ne.

Ka gaishe mini da Inna gaisuwa ta musamman, ka ce ina neman addu'arta. Abin da za a gaya mata na bar maka, kai ka fi ni sanin abin da zuciyarta za ta ɗauka. Ka gaishe da Rakiya da yara baki ɗaya, da Abdou da iyalinsa, da Mounkaila, da Liman, da Iya Zouera matar marigayi Baba Saley, wadda na yi wa mijinta dariya a kan ciwon da ban sani ba. Shamsiya tana gaishe ku, tun ranar da na gaya mata take sa ka a addu'a.

Za ka lura ban rubuta ka yafe mini ba. Ina so, Allah ya sani, ba abin da nake so kamar shi. Amma na san halinka, kafin ka kai ƙarshen layin za ka ce babu komai, ƙaddara ce, yaro ne. Yaya, akwai komai. In ka ce babu komai, gobe da safe za ka ɗauki dutsenka ka hau tudu. Gara ka yi fushi da ni, ka ƙi ɗaukar wayata, ka riƙe ni a zuciya har in zo, in dai fushin zai kai ka asibiti. Gafarar ka ajiye mini ita, zan zo in durƙusa in roƙa, kuma ina so in same ka da numfashin da za ka ba ni amsa.

Wassalam.

Ƙanenka,
Ilya.